Sharhi Kan Wata Cibiyar Lesin a Kano: Yara Biyu, Kuɗi Ɗaya, Aji Daban

A watan Oktoban bara na sanya yara biyu a wata cibiyar lesin da ke kusa da gidanmu a birnin Kano, domin a shirya su wa jarrabawar shiga sakandare da hukumar NECO ke gudanarwa, wadda aka fi sani da kwaman entarans. Ɗaya yaron wajena ne, ɗaya kuma ɗan ƙanena ne da na ɗauko daga ƙauyenmu domin ya ƙarasa firamare a hannuna. Wata huɗu ne tsakaninsu a haihuwa, ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke sa wa hannu, kuma kuɗi ɗaya na riƙa biya wa kowannensu har tsawon wata bakwai. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin mafi yawan abin da zan yaba da abin da zan kushe a kanta, iyaye za su same shi a irin waɗannan wurare da suka cika unguwannin Kano, da Kaduna, da Zariya.

Sai dai ya kamata in fara da bayyana yadda yaran biyu suka iso ƙofar cibiyar, tunda a nan duk maganar take. Yaron wajena ya shiga makarantar kuɗi tun yana shekara uku, mahaifiyarsa malama ce, kuma ya tashi a gidan da ake sayen littafin labari, ake kallon labarai da Turanci. Ɗan ƙanena kuwa ya yi aji ɗaya zuwa biyar a firamaren gwamnati ta ƙauye, inda yake cewa rabin ajinsu a ƙasa suke zama, kuma da zarar damina ta kankama, zuwa makaranta ya zama sai ranar da gona ta ba da dama. Da na kai shi makarantar da ɗan'uwansa yake, suka gwada shi suka ce sai dai a mayar da shi aji uku. Ban yarda ba, don haka na sa shi a firamaren gwamnati ta unguwarmu da safe, na ɗora fatana a kan lesin ya cike giɓin.

Ta fuskar tsari da kula da wuri, ba ni da abin da zan ce sai alheri. Gida ne aka mayar cibiya, mai ɗakuna huɗu, kuma ban taɓa ƙirga yara fiye da 20 a ɗaki ɗaya ba. Akwai sola da ke juya fanka ko an ɗauke wuta, akwai ruwan sha mai tsabta, bayin maza daban na mata daban, kuma maigadin ƙofa ba ya sakin yaro sai ga fuskar da ya sani. An tsara lokutan darasi da sanin halin garin: ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da Islamiyyu ke hutu, sai kuma Asabar da safe. Wannan ya raba mu da rigimar da iyaye da yawa ke yi ta zaɓi tsakanin lesin da karatun addini. Malamai ba sa makara, kuma ranar da ɗayansu bai samu zuwa ba, akan sanar da iyaye a zauren WhatsApp tun kafin yara su fito daga gida. Su ne kuma suka yi wa yaran rajistar jarrabawa ta intanet ba tare da sun ɗora wani abin kirki a kan kuɗin ba, abin da ya hutar da ni jerin gwano a shagon kwamfuta.

Kuɗin wata naira 12,000 ne ga kowane yaro, ban da kuɗin fom da na littafin tsofaffin tambayoyi. A idon mai biyan kuɗin makarantar kuɗi, wannan ba tsada ba ce. Amma mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin Kano naira 71,000 ne, wato mai yara biyu irina da ke kan wannan mataki zai miƙa kusan sulusin albashinsa ga lesin kaɗai, kafin a zo maganar kuɗin adaidaita sahu, wanda tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama wani haraji na daban. Saboda haka tun daga bakin ƙofa an riga an tace waɗanda za su shiga. Mafi yawan 'yan ajin ɗan ƙanena na firamaren gwamnati ba su san ma akwai wurin ba, alhali gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole tun 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Kyauta ɗin tana nan a kan takarda da kuma ƙofar aji, amma jarrabawar da ke raba yara zuwa makarantu masu kyau, da kuɗi ake shirya mata.

Ranar farko aka yi musu gwajin tantancewa, aka raba su gida biyu. Cibiyar tana da aji biyu na masu shirin jarrabawa, waɗanda aka raɗa wa sunayen Turanci masu nufin zinariya da azurfa. Yaron wajena ya faɗa zinariya, ɗan ƙanena ya faɗa azurfa. Ban yi mamaki ba, amma da na karɓi takardun na duba da dare, wani abu ya tsaya mini a rai. A sashen lissafi akwai tambaya a kan mace da ta sayi dozin uku na lemo, aka yi mata ragin kashi goma cikin ɗari, ana son a faɗi abin da ta biya. Ɗan ƙanena ya bar wurin fanko. Na kira shi na karanta masa tambayar da Hausa, na sa masa ita a bakin ciniki irin na kasuwar ƙauye. Kafin ɗan'uwansa ya gama feƙe fensir, shi ya ba da amsa, yana kallon ƙasa, yana motsa yatsu. Yaro ne da tun yana shekara bakwai yake zama gaban buhun gero ranar kasuwa, yana auna tiya, yana ba da canji, kuma mahaifinsa ba ya sake ƙirga abin da ya ƙirga. Abin da ya kayar da shi a takardar kalmar Turancin da ke nufin ragi ce, da kuma kalmar dozin da bai gane ta a rubuce ba. Gwajin ya auna Turancinsa, aka rubuta sakamakon a gurbin lissafi.

Sashen fahimtar kalmomi ya fi wannan muni. Ana tambayar yaro ya fitar da baƙo a cikin jerin kayan ɗakin girki irin na gidan mai hali, ko ya jera launukan fitilar ba da hannu, ko ya faɗi abin da ake yi a filin jirgin sama. Yaron da ya taɓa raka wani Filin Jirgin Malam Aminu Kano bai karanta wannan a littafi ba, ganinsa ya yi. Ba laifin cibiyar ba ne cewa tambayoyin jarrabawa haka suke, tunda daga tsofaffin takardu take kwaso su. Laifinta shi ne ta ɗauki abin da yaro ya kwaso daga falon gidansu a matsayin ƙwaƙwalwa, ta kuma gina rabon azuzuwanta a kai.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu nazarin ilimi. A 1966 wani masanin zamantakewa a Amurka, James Coleman, ya jagoranci binciken da ya shafi ɗalibai sama da 600,000, aka gano cewa bambancin gidajen da yara suka fito ya fi bambancin gine-gine da kayan makarantu tasiri a kan sakamakonsu. Mu ma a nan boko da zaɓe ya shigo. Makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta fara ne da 'ya'yan sarakuna da malamai, kuma Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920 ta yaye mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu suka tashi da littafi a gida. Idan aka ce yaro yana da ƙoƙari a aji shida, sau da yawa ana yabon karatun kakansa ne ba a sani ba. Ni kaina na san cewa abin da ya raba ni da ƙanena shi ne ni aka kama aka kai makaranta a zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa da aka ƙaddamar a 1976, shi kuma da lokacinsa ya zo, mahaifinmu ya ga ba zai iya rasa hannu biyu a gona ba.

Babban ƙorafina a kan cibiyar ya shafi yadda take rarraba malamanta. Malamin lissafinsu gwani ne na gaske. Na taɓa tsayawa a bakin taga na ga yadda yake koyar da kasafi da yankan takarda, yana bin benci benci, ba ya wucewa sai ya tabbata na baya ya gane. Amma wannan malami kusan duk lokacinsa a ajin zinariya yake, ajin azurfa kuwa an bar su da wata matashiya da ba ta daɗe da gama karatun shaidar malanta ta NCE ba. Tana da haƙuri da himma, sai dai an ɗora mata aikin da ya fi kowanne wuya a gidan, wato koya wa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya karatun da ya kamata ya iya tun yana aji biyu, tare da shirya shi wa jarrabawa a cikin wata bakwai. Dalilin wannan rabo ba ɓoyayye ba ne. A bangon waje akwai babban kyalle mai hotunan ɗaliban bara da makin da suka ci, kuma wannan kyalle shi ne tallar cibiyar. Yaron da zai tashi daga maki 60 zuwa 85 shi ke hawa kyalle, wanda zai tashi daga 20 zuwa 45 kuwa ba mai ganinsa sai iyayensa. Ga shi kuɗin da iyayen azurfa ke biya daidai yake da na iyayen zinariya, ko kwabo ba a rage musu ba.

Akwai kuma abin da cibiyar ke koyarwa wanda ba ya cikin jadawali, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina. Yara ba sa cewa Malam ko Malama a wurin, Ankul da Anti ake cewa. Ana son yaro ya miƙe tsaye ya dubi malami idan yana magana, ya ɗaga hannu ya yi tambaya, ya ce bai gane ba a sake. Yaron wajena a cikin wannan ya girma, har gardama yakan yi da malami a kan maki ɗaya da aka rage masa, ya kuma karɓo abinsa. Ɗan ƙanena an rene shi a kan cewa yaro tsugunawa yake a gaban babba, ba ya haɗa ido da shi, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma ce wa malami ba ka gane ba kamar ka ce bai iya koyarwa ba ne. Ranar farko ya tsuguna ya gaishe da malamar a tsakar aji, yara suka kwashe da dariya, wani ya kira shi baƙauye. A takardar sakamakon ƙarshen wata aka rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa, ba ya sa baki a darasi. Ladabin da ake yaba masa da shi a ƙauye, wanda dattawa ke sa masa albarka a kai, shi ne ya koma rauni a takarda.

Dokar hana Hausa ta ƙara dagula lamarin. Duk wanda aka ji yana yin abin da suke kira banakula, tarar naira 50 ce, kuma akwai yaron da aka naɗa yana rubuta sunaye. 'Yan zinariya ba ta dame su ba, wasa ma suka mayar da ita. Ɗan ƙanena kuwa ya samo hanyar da ba za a taɓa cin sa tara ba, wato ya yi shiru tun daga shigarsa har tashi. Wata rana da dare, bayan an kwashe kwanuka, ya zo ya tsuguna gefen tabarmata ya ce, "Baffa, idan ban gane ba, da wane yare zan ce ban gane ba?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a lokacin.

Washegari na je wurin mai cibiyar, mace ce mai natsuwa da ta daɗe tana koyarwa kafin ta buɗe wurin. Na ce, "Hajiya, yaron nan ya san lissafin, harshen ne ya tsare shi. Me zai hana a yi wa 'yan azurfa bayani da Hausa, sannan a ɗora musu Turancin a kai?" Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, gaskiyarka, kuma ni ma na sani. Amma ranar da uba ya zo ɗaukar ɗansa ya ji Hausa na tashi a aji, gobe ba zai dawo da shi ba. Turanci suke biya." Na rasa ta cewa, domin na san iyayen da take nufi, kuma da a ce ɗana kaɗai na kawo, da wataƙila ina cikinsu. Alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna ba su yi baya a Turanci ba. Kasuwar lesin ba ta bin sakamakon bincike, abin da mai biya ke son ji take bi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda yaron ya fara jin kunyar abin da yake da shi. Ya zo mana da haddar izu goma sha biyar daga makarantar allo, kuma kunnensa da ƙwaƙwalwarsa sun horu a kan riƙe abu da maimaita shi ba kuskure. Ba wanda ya tambaye shi wannan a fom ɗin shiga, inda aka tanadi gurbin sunan makarantar da yaro ya fito da aikin mahaifi da lambar waya. Ɗan'uwansa ya gaya mini cewa da yara suka tambaye shi ko ya yi allo, cewa ya yi a'a. A nan dole in yaba wa matashiyar malamar, domin ita ce ta lura cewa idan ta karanta masa jerin kalmomi sau biyu, ya riƙe su ke nan. Daga nan ta riƙa ba shi kalmomi goma a kowane zuwa, tana raɗa masa ma'anarsu da Hausa a gefen benci ba tare da mai rubuta sunaye ya ji ba. Mafi yawan ci gaban da ya samu daga wannan karya doka ya fito.

Ga sakamakon kamar yadda na adana takardun gwajin Asabar. A Turanci, ɗan ƙanena ya fara da maki 18 cikin 100, ya kai 47 a watan Afrilu. Yaron wajena ya fara da 64, ya kai 85. A lissafin da ba shi da dogon zance, wanda lambobi ne zalla, ɗan ƙanena yanzu yakan wuce ɗan'uwansa. Duka biyun sun ƙaru, kuma ba zan ce kuɗina ya tafi a banza ba. Amma tazarar Turanci da ta fara da maki 46 ta tsaya a 38, kuma da Turanci za a rubuta kowace tambaya a ranar jarrabawa. Ban da haka, ba zan iya rantsewa cewa ƙaruwar aikin cibiyar ce kaɗai ba. Aikin gida ta WhatsApp ake turo shi, da Turanci, wani lokaci hoton shafi ne da sai an buga ko an kwafe da hannu. A gidanmu uwargida ce ke zama da su bayan sallar isha'i kusan kullum, tana fassara, tana gyara. Yaron da mahaifiyarsa ba ta karanta Turanci, ko wayar gidansu ƙarama ce, ko babbar wayar na hannun uban da ba ya dawowa daga kasuwa sai dare ya raba, zai zo ranar Alhamis hannu rabbana, a rubuta shi cikin malalata. Bayan hutun Disamba benci biyu sun zama fanko a ajin azurfa, na zinariya kuwa har ƙarin kujera aka yi.

Akwai wani abu da na daɗe ina juyawa. Makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, waɗanda ake shiga ta wannan jarrabawa kuma sun haura 100, suna ɗaukar ɗalibai da makin da ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma makin jihohin Arewa da yawa yana ƙasa, da nufin a taimaki yankin da aka bari a baya. Amma a cikin jiha ɗaya, wa ke cin wannan rangwame? Yaran ajin zinariya ne, waɗanda ko ba rangwamen za su iya gogawa da kowa. An yi sassaucin ne da sunan yara irin ɗan ƙanena, a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, amma yana ƙarewa a hannun yara irin ɗan wajena. Cibiyar lesin ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, sai dai tana cikin hanyoyin da yake bi.

Ga uban da ɗansa ya riga ya iya karanta Turanci, kuma akwai mai duba masa aiki a gida, ina ba shi shawarar wannan cibiya ba tare da jinkiri ba, domin za ta goge yaron, ta saba masa da fasalin tambayoyi da kiyaye lokaci, kuma kuɗinta bai wuce kima ba. Ga wanda zai kawo yaro daga firamaren gwamnati ko daga ƙauye, kada ya biya sai ya tambayi wane malami ne zai shiga ajin da za a sa yaron da kuma sa'a nawa a mako, ko akwai mai koyar da karatu daga tushe, da kuma yadda za a yi da aikin gida idan babu babbar waya. Bayan na koma wurin Hajiya sau biyu, ta amince malamin lissafi ya riƙa shiga ajin azurfa sa'a ɗaya kowace Asabar, ta kuma ce za a riƙa buga aikin gida a takarda ga mai buƙata. Tarar naira 50 tana nan ba ta taɓa ta ba. Ƙanena yana da 'ya da ke aji uku yanzu, kuma mun yi magana da shi cewa idan za ta zo, ba zan jira ta kai aji shida ba. Zan ɗauko ta bana bayan an gama girbi, in fara nema mata malamar da za ta koya mata karatu da Hausa tukuna, maganar kwaman entarans kuma sai ta iya karanta tambayar da kanta.